Zoɓon da Ya Fitar da Ni Madina

A takarda an rubuta cewa rashin iƙama, wato takardar izinin zama, shi ya sa aka koro ni daga Madina. A bakin mutane kuwa giya ce. Na fara da wannan ne don kada wani ya ji a bakin wata ya zo yana yi mini kallon gefe. Sunana Hauwa, mutuniyar wajen Gumel, kuma ga yadda abin ya faru.

Mun sauka Jidda ni da mijina Malam Garba da bizar Umara, alhali a ranmu mun san ba komawa za mu yi ba. Zamanin da ake aika gaisuwa gida a kaset ne. Mutumin da ya yi mana hanya, wani mai farin tabarau da yawan "ranka ya daɗe", ya karɓi fasfo ɗinmu ya ce zai kai a buga hatimi, mu jira shi a gindin wani ginshiƙi. Mun jira shi har rana ta juya. Ina jin da ban ja hannun Malam ba da har yau yana gindin ginshiƙin nan, don shi mutum ne da bai yarda wani zai yi ƙarya a ƙasa mai tsarki ba. Wani direba Bayamane ne ya ga yanayinmu ya miƙo mana gurasa da dafaffen wake a leda, bai tambaye mu komai ba. Shi ne kuma ya haɗa mu da motar da ta kawo mu Madina bayan mun yi Umararmu.

Malam ya samu aikin dako a kasuwar dabino. Wata huɗu ya yi yana ɗaukar kwalaye a ranar da ba irin tamu ba, sai zazzaɓi ya kwantar da shi kwana shida, ya cika. Aka yi masa salla a Harami, aka kai shi Baƙi'a. Mata ba sa shiga, don haka a bakin katanga na tsaya na kama ƙarfe ina leƙe. Ban ga komai ba sai ƙasa da ƙananan duwatsu da tantabaru, babu suna a kan kabari ko ɗaya. A wurin na yanke shawara: ba zan bar garin nan ba sai an sa ni cikin ƙasar da aka sa shi. Ba ni da ɗa, ba ni da gona a gida. Abin da nake so a duniya ke nan, kuma ban ga ya yi yawa ba.

Amma zama a Madina sai da iƙama, iƙama kuma sai ɗan ƙasa ya tsaya maka a matsayin kafili.

Harra ta Gabas

A wajen zaman makoki na haɗu da Ummu Nasir. Bahaushiya ce, amma kakanta ne ya zo da ƙafa tun zamanin da, ita a nan aka haife ta, 'yar ƙasa ce da katinta. Mace ce mai jiki, mai zoben zinare a yatsu huɗu, Hausarta rabi Larabci. Ta rungume ni tana kuka fiye da ni.

"Ya binti, ta'ali gidana," in ji ta. "Gidana gidanki ne. Iƙama kuwa mafi mushkila, ba matsala, ɗana Nasir ya san mutane. Wata ɗaya, halas."

Gidanta yana cikin lungunan Harra ta Gabas, inda baƙin dutse ke riƙe zafin rana har bayan magariba. Gidan da aka ce nawa ne, rabona a cikinsa shi ne wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin matakala, ni da injin wanki. 'Ya'yanta suna jin Hausa sarai, amma da Larabci suke amsa mini, kuma ba su taɓa kiran sunana ba, sai "shaggala", wato 'yar aiki. Ina shara, ina wanki, ina girki. Abin da ya fi damuna ba aikin ba ne, shirun garin ne da hantsi. Gari guda babu ƙarar taɓarya ko ɗaya. Sai in tsaya da tsintsiya a hannu ina kasa kunne kamar wawiya, ko zan ji wata tana daka.

Kewar gida ce ta kai ni ga zoɓo. A shagon wani Basudane na ga shi a buhu, suna ce masa karkade. Na sayi kaɗan na jiƙa. Baƙi ne wuluk, mai kauri, amma ba shi da tsamin namu, yana kwanciya a harshe ne kawai kamar wanda bai yi barci ba. Da lokacin Hajji ya zo na samu jan zoɓon gida a hannun matan da ke zuwa da ƙullin kaya suna sayarwa a gefen titi. Shi kuma tsami gare shi har ya sa ka runtse ido, amma ba jiki. Sai na haɗa su, biyu na Sudan, ɗaya na gida. Nan na fara jin wani abu.

Na kusa shekara ina gyara shi, don ba ni da wani abin da yake nawa a gidan nan sai shi. Sukari zalla bai yi mini ba, zaƙinsa yana zuwa da gaggawa ya tafi da gaggawa. Dabino kaɗai ya yi nauyi. Sai da na gwada baƙin zabibi, busasshen inabi, na jiƙa shi a ruwan sanyi tare da ɗan dabino na murje da hannu. Ba a tafasa shi, tafasa tana kashe ƙamshin. Na ƙara citta, kanumfari, 'ya'yan hel guda uku na shayinsu, da ɗan busasshen ɓawon rumman kamar faɗin farce. In ka kurɓa, tsamin zoɓon gida ne ke fara tarbarka ya tashe ka. Kafin ka yamutsa fuska zaƙin zabibi ya iso a hankali ya zauna. Daga nan ɓawon rumman ya kama dasashi da ɗan bauri irin na goro, ya hana zaƙin yin rashin kunya. Ka ajiye kofi ka yi tafiyarka, kanumfari yana nan a maƙogwaro. In ka ɗaga shi a rana, ja ne mai duhu, ba ka ganin yatsanka ta cikin kofin. Ba yabon kai ba ne, ban taɓa shan irinsa ba a gida ko a waje.

Ranar da Ummu Nasir ta ɗanɗana, ta sake kurɓa, ta dube ni kamar yau ta fara ganina.

"Ya Hawwa, wannan ai shugul ne, sana'a ce," ta ce. "Gobe za ki Uhudu."

Uhudu

Tana da ɗan teburi a cikin rumfunan da ke gaban dutsen Uhudu, inda masu ziyara ke sauka daga manyan motoci. Nan na yi shekara biyar. Turkawa, 'yan Indunusiya, mutanenmu na gida, duk sukan gangaro daga wani ɗan tudu da ake hawa a wurin jiƙe da gumi su sha kofi ɗaya su nemi na biyu. Ina haɗawa da asuba, kafin magariba ya ƙare ƙarƙaf. Bai taɓa kwana ba. Ba don na san wani abu game da kwanansa ba, a'a, ba ya ragowa ne kawai.

In Ummu Nasir ta leƙo rumfar, sai in ji tana gaya wa ƙawayenta cewa haɗin kakarta ne, da shi ta zo daga Kano a ƙullin zane. Ina tsaye da ludayi a hannu, yatsuna sun rine ja har ƙarƙashin farce. Na ce a raina ta ɗauki sunan, ta ba ni takardar. In na yi maganar iƙama sai ta ce bayan Ramadan. Ramadan ya wuce ta ce bayan Hajji. Hajji ya wuce ta ce an canza doka, a jira ta lafa. "Bukra insha Allah", wato sai gobe, na ji ta har na daina jin ta a matsayin magana.

Wanda ke kai ni da kayana kullum a tsohuwar motarsa ta ɗaukar kaya shi ne Baba Idi. Dattijo ne daga wajen Damagaram, mai gemu fari fat, iƙamarsa a hannun gidan Ummu Nasir take. A unguwa Shehu Idi ake ce masa. Shi ake turawa gaba ya ja salla in liman bai zo ba, shi ake kai wa jariri ya yi masa addu'a, kuma an sa ranar 'yarsa da wani ɗalibin ilimi. In masu kamen marasa takarda suka ɓullo, shi ke fara hango su, ya buɗe mini ƙofar mota in kwanta a ƙasan kujera ya rufe ni da buhu. Kuma ya halarci jana'izar Malam, ya riƙe wajen da aka sa shi. Duk Juma'a yakan shiga Baƙi'a, in ya fito ya ce mini, "'Yar nan, na gaishe miki da shi." Wata Juma'ar ya ce an yayyafa ruwa a wajen, wata ya ce tantabaru sun cika gurin. Ban san ko gaskiya yake faɗa ba ko don ya sanyaya mini rai ne, amma da wannan nake rayuwa daga mako zuwa mako. Na ɗauke shi uba, ban ɓoye ba.

Soro

Sai bikin Nasir ya taso, a tsakiyar zafi. Ummu Nasir ta kira ni ɗakinta, abin da ba ta saba ba, har ta ba ni wurin zama.

"Walimar rana za mu yi, dangin amarya manyan mutane ne," ta ce. "Ina son asir ɗinki, zoɓon nan, barmil shida, wato durom shida. Kuma albishirinki, ya binti: Nasir da kansa zai zama kafilinki. Takardu suna hannun mai bin ofis. Bayan biki da sati ɗaya, halas."

Ta ce amma kwana ukun ƙarshe tana bukatar hannuna a shinkafa da gyaran gida, firji kuma nama zai cika shi. Don haka in haɗa tun saura kwana huɗu, in zuba a manyan shuɗɗan durom na roba, a kai ɗakin da ke kan soro, in rufe su ruf saboda tururuwa.

Ga inda wautata take. Ni a saninmu na gida, abin sha in ya kwana tsami yake ƙarawa, kamar kunu ko fura. Sai na yi dabara irin ta mai wayo, na ce bari in riga tsamin. Na ninka zabibi, na ninka dabino, na ƙara sukari, don in kwanakin sun ci zaƙin a samu saura. Na murje su da hannuna a ruwan sanyi kamar kullum, na ɗaure murafen tamau, na ja ƙofar ɗakin da rufinsa kwano ne. Na sauko ina jin daɗin kaina.

Ranar walima da hantsi na hau. Da na kwance murfin farko sai ya yi tsaki, wata iska ta bugi fuskata, ƙamshi kamar na ƙullun da ya tashi haɗe da 'ya'yan itace. Kumfa ja-ja ta taru a sama. Na kwashe ta da ludayi na ɗebo na kurɓa.

Zan faɗi gaskiya ko da za a zage ni. Ban taɓa haɗa abin da ya kai shi daɗi ba. Da, kowane ɗanɗano yana zuwa ne a layi, wannan ya wuce wannan ya shigo. Yanzu sun narke sun zama abu ɗaya, ba ka ce ga zoɓo ga zabibi ba. Zaƙin ya ja da baya ya yi kunya, baurin ya yi laushi, wani ɗan tsikari yana wasa a kan harshe, in ya sauka kuma sai ɗumi ya bazu a ƙirji. Na sha kofi biyu. Can sai na ji ina rera waƙar niƙa ta garinmu, ni da ban yi waƙa ba tun rasuwar Malam. Na ɗauka murnar takarda ce.

Baba Idi ya hau don ya taya ni saukar da durom. Na cika kofi na miƙa masa ina washe baki. Ya kai hanci, sai na ga fuskarsa ta sauya. Ya taɓa da harshe, ya juya ya tofar a kwata, ya goge baki da hannun riga.

"Kin sha?" ya tambaye ni.

"Kofi biyu, Baba. Ka ji yadda ya yi?"

"Innalillahi. 'Yar nan, wannan ya juya. Giya ce."

Na yi dariya. Na ce zoɓo ne, da hannuna na haɗa, babu abin da na sa wanda ban saba sawa ba. Bai yi dariya ba. Ya ce in zo mu sauka.

Muka samu Ummu Nasir a kicin ita kaɗai tana ƙirga faranti. Ya gaya mata. Ta karɓi kofin ta kurɓa ta tauna baki.

"Wannan asir ne, ya Shehu. Har ya fi na kullum. Kai ina ka san giya?"

Ai kuwa tambayar ke nan. Duk gidan nan, da ni da ita da baƙin da ke tafe, babu wanda ya san ɗanɗanon giya balle ya gane ta. Baba Idi ya dubi ƙasa ya daɗe. Sannan ya ce, da murya ƙasa-ƙasa, kafin ya zo ƙasar nan direban babbar mota ne a hanyar kurmi, kuma shekara goma sha ɗaya ya yi yana sha. Ya ce ko matarsa ba ta sani ba, ya tuba ya zo nan ne don ya binne wannan. "Hajiya, na rantse da wanda ya shirye ni, in kika ba mutane wannan za su bugu."

Na ga ta tsorata na ɗan lokaci. Sai ta dubi agogon bango.

"Baƙi suna hanya. Me zan ba su, ruwan famfo? Na gaya wa uwar amarya za ta sha haɗin kakata." Ta juyo kaina. "Ki zuba ƙanƙara da yawa, ki ƙara sukari, zai mutu. Yalla. Ko kin fasa son takardar?"

Ba zan ce an ɗaure ni ba. Na san Baba Idi ba ya ƙarya, ɗumin da ke ƙirjina ma shaida ne. Amma na tuna katangar Baƙi'a, na tuna shekara biyar, na ce a raina ƙanƙara za ta gyara. Ni na fasa ƙanƙarar, ni na zuba, ni na cika jug-jug. Shi kuma ya sauko da durom ɗin ɗaya bayan ɗaya.

Bayan azahar aka ci shinkafa da nama, ana zafi, aka bi da zoɓo. A ɓangaren mata har rububinsa ake yi. Tsofaffin da ko shayi mai ƙarfi ba sa sha suka yi ta neman ƙari. Kakar amarya, wata 'yar tsohuwa da sai an riƙe ta take tashi, ta miƙe da kanta ta fara taka rawa tana dariya har mayafinta ya faɗi. Aka yi ta tafi. Da abin a nan ya tsaya da yanzu labarin ban dariya nake ba ku. Sai ta zauna daɓas a ƙasa ta yi amai a kan kafet, wata ma ta ce kanta yana juyawa.

A ɓangaren maza kuma akwai wani malami ɗan Zariya da ke karatu mai zurfi a jami'a. Shi bai taɓa sha ba, a littafi ya san ta. Ya ga kumfa a bakin jug, ya aiko a tambayi me aka sa a ciki, kwana nawa ya yi. Da aka ce masa zabibi da dabino aka jiƙa tare, kwana huɗu a rufe, sai ya miƙe ya ce kowa ya ajiye kofinsa.

Bayan la'asar aka tara mu a falo. Uban amarya yana huci, yana cewa an shayar da uwarsa haram a garin Manzo. Ummu Nasir ta yi kukan nan nata mai kyau. Ta ce ita ba ta san komai ba, ba ta ma hau soron ba, shaggala ce ke abinta a can, wa ya sani ko ta daɗe tana yi wa kanta. Haɗin kakarta ya zama nawa a ranar, karo na farko.

Malamin nan mutumin kirki ne. Ya yi mini magana da Hausar gida, a tausashe. Ya ce, "Baiwar Allah, abin da ya juya da kansa ba da sani ba, babu laifi a kan kowa. Abin da nake tambaya ɗaya ne. Kafin a kawo wa mutane, akwai wanda ya gane ya faɗa?"

Baba Idi yana tsaye a bakin ƙofa da carbi a hannu. Na dube shi. In na ce eh, za a ce wa? In na ce shi, za a ce ta yaya ya gane? Dole ya maimaita a gaban surukinsa na gobe, ɗalibin nan da zai auri 'yarsa, wanda shi ma ke zaune a wurin, abin da ya faɗa a kicin. Kuma iƙamarsa tana aljihun matar da zai ƙaryata. Na san duk wannan. Duk da haka na jira shi. Kada wani ya ce halin kirki ne ya rufe mini baki, ni dai jira nake ya buɗe nasa, shi kuma yana jira in rufe nawa. Carbin yana tafiya a yatsunsa, idonsa a kan kafet.

"Ni na haɗa," na ce. "Babu wanda ya sani."

Ba su kai maganar giya ko'ina ba, don kunyar gidan biyu ce. Nasir ya ɗaga waya kawai ya ce akwai wata mata a unguwa da ba ta da takarda. Washegari da safe ina wanke durom ɗin aka zo aka tafi da ni.

Bi'ir Ali

Na yi kwanaki a wurin da ake tara irinmu. Wata 'yar Indunusiya da ba ma jin yaren juna ta ga ƙafata babu takalmi ta ba ni silifas ɗinta na wanka. Wata rana aka miƙo mini ƙullin kayana da ledar dabino mai tsada, aka ce wani dattijo ne ya kawo, bai bar saƙo ba. Na so in jefar. Yunwa ta sa na ci, ina ci ina jin haushin kaina.

Ranar da za a kai mu Jidda na roƙi jami'in da ke ƙofar mota ko za a bi ta wajen Harami, ko ta taga in yi sallama. Ya ce hanya ba ta nan ba ce, kuma gaskiyarsa. Muka fita ta Bi'ir Ali. Motocin masu Umara sun cika wurin, maza cikin fararen harami suna ta kai da kawo, wasu suna dariya, wasu sun fara talbiya. Su za su je su dawo. Tagarmu da raga, na manna fuskata ina neman ko hasumiya ɗaya in gani a baya, gine-gine suka tare. A nan na yi kukan da ban yi a falon Ummu Nasir ba, matar da ke kusa da ni ta yi ta buga bayana tana magana da yaren da ban sani ba.

Gida

Labari ya riga ni isowa, a kaset ɗin wata. Babu wanda ya faɗa mini a fuska. Amma in na shiga gidan suna sai a ce, "Hajiya Hauwa, zauna ki huta, yara za su haɗa zoɓon." Na koma ɗakin yayana ina saƙa tabarma. Na nemi komawa sau biyu, ba ta yiwu ba, yanzu kuma gwiwa ta ƙi.

Shekaru bayan haka wata maƙwabciyarmu, Hajiya Ladi, ta dawo daga aikin Hajji. Na je yi mata barka da sauka. Ta ba ni dabino da ruwan Zamzam a ɗan kofi, tana ta ba da labari. Ta ce a Uhudu ta sha wani jan abu a rumfar wata Bahaushiyar can, an ce haɗin kakarta ne, amma ita dai ba ta ji wani abin a zo a gani ba. Sai ta dafa gwiwata.

"Af, kin san wani dattijo Shehu Idi, mutumin Damagaram? An ce unguwarku ɗaya. Muna can ya rasu. Ranar Juma'a aka yi masa salla a Harami, jama'a ba a magana, aka kai shi Baƙi'a. Kowa yana cewa bawan Allah ne, bai taɓa cutar da ko ƙuda ba. Wannan ai ya dace, Hauwa."

Na ce Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Da gaske na faɗa, har zuciyata. Na shanye Zamzam ɗin, na yi mata sallama na dawo gida, na shiga ɗaki na ja ƙofa. Kwana uku ban hura wuta ba.